Dawaki biyu, alfadari ɗaya da jirgin kwal: tafiyar Cumbres da ta wargaje a Yuni ta yiwu a Satumba

Asalin lamarin

Mutumin malamin makaranta ne da ya yi ritaya. Shekarunsa sun haura sittin, yana zaune a bayan garin Albuquerque a jihar Niyu Meksiko ta Amurka. Abu biyu ne suka ci masa rai tun yana saurayi, doki da jirgin ƙasa. A bargarsa akwai goɗiya akawal mai shekara takwas, mai zafin nama, da wani tsohon kili dandaƙaƙƙe da ya kai sha bakwai, wanda ko ganga aka buga masa a kunne ba ya ɗaga kai daga ciyawa. 'Yarsa ma'aikaciyar jinya ce, ita ke hawan kilin idan ta sami hutu.

Jirgin da yake son gani shi ne na layin Cumbres da Toltec, mai tafiyar kilomita 103 tsakanin Chama a Niyu Meksiko da Antonito a Kolorado. Kamfanin Denver da Rio Grande ne ya shimfiɗa layin a 1880, jigilar kaya ta tsaya a 1968, sai jihohin biyu suka haɗa kuɗi suka saye shi a 1970 don kada a kwashe ƙarafan. Faɗin layin ƙafa uku ne, wato tsohon dogonmu da ya isa Kano a 1911 ya fi shi da inci shida. Har yau kan jirgi mai tururi ke jan taragun, mafi yawa irin K-36 da kamfanin Baldwin ya ƙera a 1925. Jirgin yana aiki ne daga ƙarshen Mayu zuwa Oktoba, sauran watannin dusar ƙanƙara ta rufe hanya.

Daga Chama zuwa Cumbres, mashigar da layin ke bi ya haye duwatsu, babban titi mai lamba 17 yana bin gefen layin, saboda haka masu kallon jirgi kan bi shi da mota, su tsaya a wurare guda, su ɗauki hoto iri ɗaya. Bayan Cumbres da kaɗan titi yana rabuwa da layi, jirgin ya nutsa cikin daji. Can malamin yake so ya gan shi, a kan doki, yana kwana a tanti.

Janairu zuwa Afrilu: shiri a kan tebur

Shirin farko na kwana biyar ne, kuma manufarsa a bi jirgin. Za a tashi daga Chama, a hau Cumbres, a wuce tashar Osier, a leƙa kwazazzabon Toltec, a ƙare a tashar Sublette. Malamin ya yi lissafinsa da allunan mil na gefen layi, waɗanda ake ƙirga su daga birnin Denver: Chama zuwa Cumbres kimanin kilomita 22, Cumbres zuwa Osier kusan 20, Osier zuwa Sublette wajen 20 kuma. Ya ce doki mai lafiya zai ci kowane zango kafin azahar.

Cikin Maris ya sayi taswirar hukumar gandun daji mai nuna mallakar ƙasa da launi. Ranar ce kashi ɗaya cikin uku na shirin ya faɗi. Mafi yawan ƙasar da ke tsakanin Chama da Cumbres gonakin kiwo ne na mutane, masu shinge da ƙofa a kulle. Asalinsu tsohuwar kyautar filin Tierra Amarilla ce ta 1832, tun yankin yana hannun Meksiko. Ƙasar gwamnati da kowa ke iya shiga, wato dazukan Rio Grande da Carson, tana farawa ne a sama, wajen mashigar. Bin kan layin kansa kuwa shiga hurumin da ba naka ba ne, kuma ko an bari, doki ba ya taka gadar jirgi, domin tsakanin katako da katako rami ne. Aka mayar da farkon tafiya Cumbres, aka bar sauran shirin yadda yake.

Mayu: takardu da ciyawa

Layin yana ƙetare iyakar jihohin biyu sau goma sha ɗaya, kuma mashigar Cumbres kanta tana Kolorado. Doki ba ya ƙetare iyakar jiha sai da takardar gwajin jini na Coggins da bai wuce wata goma sha biyu ba, da shaidar lafiya daga likitan dabbobi da ba ta wuce kwana talatin ba, da takardar shaidar mallaka. An yi wa dawakan biyu cikin sauƙi. Alfadarin ɗaukar kaya na aro ne daga wani maƙwabci, takardunsa suka ci mako uku.

Ciyawa ce ta fi ba da ciwon kai. A dazukan gwamnati na Kolorado ba a shiga da ciyawa sai wadda aka tantance babu irin muguwar ciyawa a cikinta, ana gane damin da launin igiyarsa. Ana kuma son a fara ba dabba ita kwana biyu ko uku kafin shiga daji, don kada ta kai irin a kashinta. Doki mai kilo 500 yana cin kilo takwas zuwa goma a rana, ya sha lita talatin zuwa arba'in. Dabba uku, kwana biyar, kilo tara kowace: kilo 135. Alfadarin kuwa bai kamata a ɗora masa fiye da kilo 70 ba, har da tanti da abinci da tukunya. 'Yar ta nuna wa uban wannan lissafi a bayan ambulan.

"Baba, ko dai mu ci, ko su ci."

Ya ce akwai ciyawa a saman dutse, za su yi kiwo. Aka ɗauki buhu ɗaya na curarren abincin doki, kilo 23, aka ce ya isa ciko.

Mako na biyu na Yuni: fita ta farko

Sun bar gida da safe, suka isa Cumbres da la'asar. Albuquerque tana kimanin mita 1,500 sama da teku, Cumbres tana 3,053. Dabbobin sun yi wannan hawa cikin tirela a yini guda. Da aka sauke su goɗiyar ta shinshina ruwan rafin ta kau da kai. Ciyawar da aka dogara da ita ba ta fi tsawon yatsa ba, fadamun duk caɓi, a ƙarƙashin itatuwa kuma dusar ƙanƙarar hunturu tana nan a jibge.

Washegari malamin ya zaɓi wurin kallo kusa da inda layi ke ƙetare titi, taku talatin daga ƙarfen. Ya ɗaure dabbobin a jikin itace da sirdi a bayansu, don da jirgi ya wuce su hau su bi shi. Jirgin yana barin Chama ƙarfe goma. Hawan yana da tsanani, mita huɗu cikin kowace ɗari, shi ya sa idan taragun sun yi yawa ake haɗa kan jirgi biyu. Ran nan kuwa kai biyu aka haɗa. Tun daga Windy Point, wani dutse da layin ke zagayawa gab da mashigar, ake jin nishinsu, dabbobin suka miƙe kunnuwa. Da jirgin ya doso mararrabar direba ya ja usur na ƙa'ida, dogo biyu, gajere ɗaya, dogo ɗaya, tururi kuma yana fesowa ta gefe daidai tsayin ƙirjin doki. Goɗiyar ta ja da baya da dukkan ƙarfinta, igiyar ragama ta tsinke, ta zabura. Majayin sirdi an sassauta shi don ta huta, sai sirdin ya juye ƙarƙashin cikinta, likkafu suna dukan ƙafafunta, ta ƙara wuta. Alfadarin ya fizge ya bi ta. Kilin ya yi haniniya sau ɗaya ya tsaya inda yake.

Awa biyu suka yi suna nema. Sun same su a jikin shingen waya, goɗiyar da yanka mai tsawon tafin hannu a ƙafar gaba. Bai taɓa jijiya ba, 'yar ta wanke ta ɗaure. Jirgin da aka yi wata biyar ana shiri dominsa, wutsiyarsa kawai malamin ya hanga yana gudu da igiya a hannu.

Kwana na biyu sun gwada ci gaba zuwa Osier a hankali, 'yar a kan kili, uban a ƙasa yana jan goɗiya. Cikin awa uku ba su yi kilomita biyar ba. Alfadarin ya nutse a dusar ƙanƙara har ciki sau biyu, kuma da aka sauke kayansa aka ga miki ya fara a kafaɗar hagu, saboda mangalar wannan gefen ta fi ɗayar nauyi. Da yamma goɗiyar ta daina ci, tana waiwayen cikinta tana tonon ƙasa. Tun isowarsu ba ta sha ruwan kirki ba. Duk mai doki ya san abin da wannan ke nufi: ciwon ciki ne. Suka juya, suka kwana kusa da tirela suna zagayawa da ita, da asuba ta yi kashi, suka loda suka koma gida. Kwana biyu cikin biyar.

Yuli da Agusta: gyara ɗaya bayan ɗaya

Abin da aka fara gwadawa bai yi ba. Malamin ya sauko da kukan usur daga intanet, ya rataye lasifika a barga, yana kunnawa lokacin cin abinci. Cikin kwana uku goɗiyar ta daina kula shi. Ya kai ta gefen layin da jirgin fasinja na Rail Runner ke bi a kwarin Rio Grande, ya tsaya taku hamsin, jirgi na zuwa ta miƙe da ƙafafun baya. Ƙara kaɗai ta saba da ita. Girgizar ƙasa da warin hayaƙi da ƙaton abu mai tahowa, duk lasifika ba ta koya mata ba.

Sai aka koma nesa. Mita 300 daga layin, shi a ƙasa da doguwar igiya a hannu, ba a ɗaure ta ba, kilin yana gefenta yana kiwo. Idan ta firgita ana barinta ta zagaya, ba a riƙe ta da ƙarfi. Sau uku a mako, kuma ba a matsawa gaba sai ranar da jirgi ya wuce bakinta yana cikin ciyawa. Mako biyar ya kai su mita 80. Wanda ya taɓa tsayawa kusa da dawakin hawan salla lokacin da 'yan bindiga suka saki wuta ya san aikin nan: dokin da ya tsaya cak ba a ranar ya fara jin bindiga ba, kuma yawanci akwai tsohon doki a gefensa. Amma jirgin kwarin na dizal ne, ƙahonsa daban da usur, ba ya fesa tururi. Saboda haka a Agusta suka ja tirela har Chama sau biyu, tafiyar awa uku, don kawai dabbobin su tsaya daga nesa su ga jirgin ƙarfe goma yana tashi.

A zuwa na biyu 'yar ta tsaya da dabbobin, uban ya sayi tikiti. Wannan ne karon farko da ya dubi layin da idon mai doki. Ya tsaya a buɗaɗɗen taragon da ba shi da rufi, taswira a hannu, yana sa alama: nan rafi, nan fili a gangaren tudu, nan shinge, nan gidajen mutane a kwarin Los Pinos. Ya rubuta lokacin da jirgi ya wuce kowane wuri. Abin da ya dawo da shi gida abu ne da ya sani tun da, bai dai taɓa haɗa shi da doki ba. Tankin K-36 yana ɗaukar galan 5,000 na ruwa, kuma a hawa irin wannan ba ya jimawa, shi ya sa tun farko aka kafa wuraren shan ruwa a Cumbres, Los Pinos, Osier da Sublette. A waɗannan wurare da jirgi ke shan ruwa akwai ruwa a ƙasa, akwai fili, kuma jirgin yana rage gudu ko ya tsaya. Sannan jirgi biyu ne ke tashi, ɗaya daga kowane ƙarshe, su haɗu a Osier fasinjoji su ci abincin rana. Mutumin da ya zauna wuri guda zai ga jirgi sau biyu a yini ba tare da ya motsa ba.

Sauran gyare-gyaren ƙanana ne. An riƙa hawan gangaren duwatsun Sandia kwana uku a mako don ƙarfin numfashi. An sayi ma'aunin rataye, mangala biyu ba sa tashi sai bambancinsu bai kai kilo ɗaya ba. An fara zuba ɗan ruwan tuffa a bokitin sha a gida, don idan an zuba shi a baƙon ruwa dabba ta ji ɗanɗanon da ta sani, ana kuma ba da gishiri kullum, aikin da kanwa ke yi a bargar gida. An koya wa dukkan ukun dabaibayi, da kwana a doguwar igiyar da ake ɗaurewa sama tsakanin itace biyu da maɗauri mai faɗi don kada ɓawon ya ci rauni. Yuli da Agusta damina ce a waɗannan duwatsu, hadari yana haɗuwa kusan kowace azahar da tsawa, daidai lokacin da mai kallo zai kasance a buɗaɗɗen tudu. Aka tsayar da mako na uku na Satumba.

Satumba: kwana huɗu, zango biyu

Kwana biyu kafin tafiya, wani abokin malamin ya bi hanyar burji da ke sauka Osier daga titi mai lamba 17 da a-kori-kura, ya ajiye kilo 60 na tantaccen abincin doki cikin rufaffun ganguna a inda aka yi alama, a kan ƙasar gwamnati. Nauyin alfadari ya sauko kilo 58.

Ranar farko sun isa Cumbres da hantsi, suka kafa tanti taku saba'in daga rafi kamar yadda ake so, ba su hau ba. Jirgin yamma mai komawa Chama ya wuce wajen ƙarfe uku, suna mita 400 daga layi, sirdi a ƙasa, igiya a hannu. Goɗiyar ta ɗaga kai, ta zagaya rabin da'ira, ta koma ci. Ta sha bokiti biyu kafin magariba.

Rana ta biyu suka hau rabin awa zuwa wani tudu da ke kallon Tanglefoot Curve, inda layin ke lanƙwashewa ya kusa cin wutsiyarsa don ya rage tsananin gangara. Sun isa awa guda kafin lokaci, aka kwance sirdi, aka sa wa kili da alfadari dabaibayi, goɗiya a hannun 'yar. Jirgin ya tsaya a Cumbres, aka cire kan jirgin taimako, sannan ya gangaro a hankali. Daga tudun ana ganinsa gaba ɗaya, baƙin kai da jerin taragu, ya tafi kamar zai ɓace, ya juyo ya wuce ƙasa da inda ya bi ɗazu. Ganyen itatuwan aspen ya riga ya koma ruwan ɗorawa. Bayan 'yan mintuna ƙaramin keken da ke bin jirgi don kashe wutar da tartsatsi ka iya tayarwa ya biyo baya yana ƙara, kuma shi ne ya fi tsorata goɗiyar, domin ba wanda ya tuna da shi a horo. Ta ja igiya ta kai ƙarshenta, ta tsaya tana huci.

Da dare sanyi ya sauka, ruwan bokiti ya yi fatar ƙanƙara, manyan barewar da ake kira elk suna ta kuka a daji saboda lokacin barbararsu ne. Lokacin farauta ne kuma, don haka mutane da dabbobi duk da ƙyalle mai ruwan lemo a jiki. Abinci an rataye shi a reshe nesa da tanti saboda naman dajin da ake kira beya.

Rana ta uku ta tafiya ce kawai, ba a sa kallon jirgi a cikinta ba. Sun tashi ƙarfe bakwai. Kilomita 20 na layi sun zama kusan 26 a ƙafar doki, saboda kewaye filayen mutane. Sun bi wata ƙofar shinge da ba ita ba, suka yi asarar awa guda. Alfadarin ya yar da ƙarfen kofato ɗaya a cikin duwatsu, aka sa masa takalmin roba da aka taho da shi. Sun iso gangunan abinci ƙarfe uku saura. Jirgin yamma sun ji shi ne kawai, can ƙasa a kwari.

Rana ta huɗu suka zauna a gangaren da ke kallon Osier. Jirgi biyu suka iso tsakar rana, ɗaya bayan ɗaya, fasinjoji suka cika ɗakin cin abinci, kawunan jirgin suka sha ruwa. Kusan awa guda ana wannan, dabbobin suna kiwo. Kafin jirgin yamma ya tashi suka hau suka matsa yamma zuwa inda ake hango gadar Cascade, mai tsayin mita 42, wadda ta fi kowace gada tsayi a layin. Jirgin ya taka ta a hankali, hayaƙinsa yana miƙewa sama don babu iska.

"Baba, ba ka ɗauki hoto ba."

Kyamarar tana cikin jakar sirdi. Bai tuna da ita ba sai da taragon ƙarshe ya sauka daga gadar.

Safiya ta biyar suka bi hanyar burji suka fita zuwa inda abokin ya iya kawo tirela.

Abin da ya ci tura da abin da ya yi aiki

A ganina faɗuwar Yuni ba laifin goɗiya ba ce, ko da yake ita aka fi zargi a mota a hanyar komawa. An gina shirin farko a kan jirgi: allunan mil ɗinsa, jadawalinsa, ranar buɗe kakarsa. Jirgi yana fara aiki da zarar an share masa layi, amma ba wanda ke share wa doki daji, kuma ciyawa a mita 3,000 ba ta kai ga ci a farkon Yuni. Kilomitar layi ma ba kilomitar doki ba ce, injiniyoyin 1880 sun yi gada da rami a dutse a daidai wuraren da doki zai yi dogon kewaye.

Ɗaure dabba mai tsoro da gajeriyar igiya kusa da abin tsoron shi ne kuskure mafi haɗari, kuma sassauta majayi ya mayar da firgita ta zama rauni. A Satumba nisa ne ya yi rabin aikin, horon mako biyar da tsohon kili suka yi sauran. Mita 400 ba ta rage wa mai kallo komai ba, daga can ma aka fi ganin jirgin dukkansa. Lasifikar ɓata lokaci ce. Tikitin jirgi guda ɗaya kuwa ya fi wata uku na duban taswira amfani, kuma da an saye shi tun kakar da ta gabata da ba a yi fitar Yuni ba sam.

Ajiye abinci a gaba ya warware lissafin da aka yi wa kunnen uwar shegu a Mayu. Raba ranar tafiya da ranar kallo ya cire gaggawa, kuma gaggawa ce ta sa aka bar sirdi a bayan dabbobi a gefen layi. A lissafi, Yuni ta ba da kwana biyu, rauni ɗaya, miki ɗaya, ba a ga jirgi ba. Satumba ta ba da kwana huɗu, an ga wucewar jirgi sau uku a wajen Cumbres, haɗuwar biyu a Osier, da tsallaka gadar Cascade.

Akwai abin da bai samu ba. Kwazazzabon Toltec da ramin dutsen da ke bakinsa, inda layin ke rataye kimanin mita 180 sama da kogin Los Pinos, suna kilomita biyar kacal gabas da Osier, amma ba su sami hanyar da za su amince su bi da dabba uku ba, Sublette kuwa tun Agusta aka cire ta. Goɗiyar har yanzu tana ɗaga kai idan ta ji usur, kuma malamin bai yarda ya kasance a kanta lokacin ba. Alfadarin ya koma wurin mai shi da farin gashi daidai girman kwabo a kafaɗar hagu, inda mikin Yuni ya warke.